Masu Salla Suna Duban Yamma

Falalen dutsen da muke hawa muna yara babu shi yanzu. Masu fasa dutse sun cinye shi, sun mai da shi tsakuwa, motoci sun kwashe an zuba a titunan da ake ta shimfiɗawa tun da garinmu ya zama babban birni. Ina zaune a unguwar Takur gidan jikana nakan ji ƙarar nakiyarsu daga nesa, kwanon rufi ya amsa, kaji su watse, amma ban taɓa kawowa a raina cewa namu ake ci ba. Sai ranar da na matsa aka sa ni a mota aka kai ni. Na tarar da wani wawakeken rami, ruwa ya kwanta a ciki ya yi kore. Direban ya ce, "Hajiya, nan ne kuwa?" Na ce nan ne. Na daɗe a tsaye ina dogare da sandata, don a wurin nan aka fara nuna mini faɗin duniya, kuma ban ga wanda ya rage da zan ce wa ka tuna ba.

Ƙauyenmu a gindin duwatsu yake, dabino ya kewaye shi. Da asuba abin da ke tashin mutum shi ne karatun yara daga zauren Malam, sai taɓarya ta karɓa daga wannan gida zuwa wancan, sai kukan guga a bakin rijiya. Kafin rana ta ɗaga yarinya ta share tsakar gida, ta ɗebo ruwa tulu biyu, ta kora awaki. In gero ya fara ido kuwa, wuni muke a kan dakali cikin gona muna kaɗa gwangwani da ƙorai muna korar tsuntsu har murya ta dushe. Duniyarmu ba ta da yawa. Yamma akwai Kano, inda manya ke zuwa su dawo da labari. Arewa akwai kasuwar Jahun. Gabas kuwa ba mu ɗauke ta wurin zuwa ba, wurin dubawa ce in za a yi salla. A lokacin Nasara ke riƙe da ƙasa. Bature ɗaya mukan gani, shekara-shekara, a kan doki, da tafintansa a baya, mu ɓuya a bayan danga muna leƙen jan wuyansa. Iyayenmu na jin an buɗe wata makaranta a birni da ake koya wa yara rubutu ta hagu, kuma duk uba yana tsoron ranar da za a zo a ce ya ba da ɗansa.

A cikin wannan hali Gwaggo ta dawo. Yayar Babanmu ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tana amarya ta bi mijinta cikin jama'ar da suka yi gabas shekarar da Nasara suka shigo, Baba ko kaciya ba a yi masa ba. Tun ana sa rai har aka daina, har aka yi mata sadaka. Sai ga ta wata rana da hantsi a bayan ayarin fatake, a kan jaki, ta rame ta yi baƙi, da wani ɗan akwatin ƙarfe a gabanta. Ta tsaya a ƙofar gida ta dubi Baba, da gemunsa da komai, ta ce, "Auta, kai ne ka zama haka?" Ban taɓa ganin Baba ya zauna a ƙasa a gaban mutane ba sai ranar. Mijinta ya rasu a Makka. Ita kuma ta yi shekaru tana aikin girki da wanki a wani gidan saukar alhazai, inda yawancin masu sauka mutanen wasu ƙasashe ne can gaba da Makka, wato Hindu da Jawa. Ni sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka tun ranar farko ta ce da ni Uwata, ta kuma ce a ɗakinta zan riƙa kwana.

Ba ta ce za ta buɗe makaranta ba. Abin da ya faru shi ne, ranar Alhamis ba a karatun allo, mu kuma mukan kora awaki kan falalen nan. Ita ƙafafunta sun saba da tafiya, zaman tsakar gida yana gundurarta, sai ta riƙa bin mu. Damina ce, duk wani kwarmi a kan dutsen ya cika da ruwa. Ta zauna a bakin mafi girmansu ta ce, "Wannan ita ce teku." Ta sa muka fafe karan dawa muka yi jirage, muka kafa musu ganyen kalgo ya zama filafilai, ta nuna mana yadda iska ke tura su. Ta aje tsakuwa a wannan gaɓa ta ce Sawakin, inda ta shiga jirgi, ta aje wata a waccan ta ce Jidda. Sannan ta taka ta yi nisa, har muka zaci wani abu ta hango, ta tsaya a bakin wani kwarmi mai ɗan tudu a tsakiyarsa ta ce, "Nan ne Jawa. Ƙasa ce ruwa ya kewaye ta ko'ina. Daga Jidda wata guda cur ake yi a kan ruwa, ko fiye." Mu da ba mu taɓa ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa ba, muka yi ta duban kwarmin nan.

Daga nan kowace Alhamis da abin da za ta zo da shi. Mun kai mu goma sha biyu, mata da ƙananan maza, babbanmu bai wuce shekara tara ba. Yanzu ina ganin tattaɓa-kunnena suna dawowa daga makaranta da jaka kamar ta fatake, wannan littafin lissafi, wannan na zane, wannan na labarin ƙasa, kowanne da malaminsa da ƙararrawarsa. A wurin Gwaggo duk abu ɗaya ne. Sai ta zo da kuɗin wuri cikin ƙoƙo, don lokacin an fara ƙin karɓarsa a kasuwa, ana zubar da shi a gindin rumbu. Ta ce mu juya cikinsa mu duba. Ta ce wannan da kuke gani ɗakin wata 'yar halitta ce da ke cikin teku, daga tsibiran da ke kusa da Hindu ake kwaso shi, ya ratso ruwa da hamada kafin kakanninku su sayi gishiri da shi. Sai ta ce to mu ƙirga shi da bakin Jawa: satu, duwa, tiga, amfat, lima. Muka yi ta dariya, muna cewa ƙirgarsu da sata take farawa ta ƙare da liman. Ita ma ta yi dariya, ta ce, "Su ma da suka ji na ce biyar sai da suka riƙe ciki." Kafin a tashi mun iya raba wuri ashirin ga mutum huɗu, ba wanda ya san lissafi aka koya masa.

Ranar dabbobi ta fi kowace rana. Muka kwaɓo yumɓu daga bakin kududdufi. Dama mun saba gina shanu da raƙuma, sai ta ce yau giwa za a yi, amma giwar can. Kunnenta ƙarami ne, bayanta a tudu, kuma mutum yana hawa wuyanta ya yi mata magana ta ɗauki gungume da haurenta ta kai inda aka ce. Wani yaro da kakansa maharbi ne ya ce ƙarya ne, giwa ba ta da ubangida. Gwaggo ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Ni ma ban gani da idona ba, ɗana. Amma mutum fiye da goma sun faɗa mini, ba su san juna ba, kuma a wurin da mutum ke tsoron yin ƙarya." Haka take kullum, tana raba abin da ta gani da abin da ta ji. Ta gaya mana akwai wata damisa da ta kusa jaki girma, ba ta da ɗigo-ɗigo irin tamu, zane ne a jikinta baƙi da ja, kuma tana iyo. Muka shafa jar ƙasa, muka ja layi da gawayi. Akwai wani biri mai jan gashi da dogayen hannuwa, yana shimfiɗa wa kansa gado a kan itace kullum yamma, in ruwa ya sauko ya tsinko faffaɗan ganye ya rufe kansa. Mutanen can suna kiransa mutumin daji. Wanda ta gani da idonta kuwa kifi ne, a Bahar Maliya, wanda ya taso kusa da jirginsu ya fi jirgin tsawo, ya yi numfashi kamar sa, ya koma. Ta ce duk jirgin ba wanda ya iya addu'a da ƙarfi, kowa leɓensa kawai ke motsi.

Sai ta buɗe akwatin ƙarfen nan ta fito da gashin ɗawisu guda ɗaya, naɗe cikin tsumma. Har yau ban ga abin da ya kai shi ba, kuma na ga talabijin, na hau jirgin sama. Ta ɗaga shi a rana, ya yi shuɗi, ta karkata shi ya yi kore, ta sake karkatawa ya yi kamar zinariya, ga wani ido a tsakiyarsa yana kallonmu. Ta ce tsuntsu guda yana da irinsa fiye da ɗari a wutsiya. Aka bi layi kowa ya taɓa da yatsa ɗaya. Da ya zo kaina ban iya taɓawa ba, sai na sa hannuna a baya. Ta ce, "Taɓa, Uwata. Wanda ya yi zabuwa shi ya yi shi." Wata Alhamis ɗin kuma ta dafa mana shinkafa da kanumfari da citta a ɗan tukunya, ta ce can ita ce tuwonsu safe da rana da dare, a cikin ruwa ake dasa ta, a kan tudu da aka yanka hawa-hawa kamar matakala, da wani baƙin sa mai kama da ɓauna ake huɗa. Mu da sai da salla muke ganin shinkafa, muka ce lalle mutanen nan kullum salla suke.

Ni na jawo mata magana. Wata rana na kai wa Baba fura gona. Na same shi yana sallar azahar a gindin gawo, na zauna na jira. Da ya sallame, don in burge shi, na ce, "Baba, ka san mutanen Jawa yamma suke duba in za su yi salla?" Ya aje ludayin da ya ɗauka. Ya ce, "Wa ya gaya miki?" Na ce Gwaggo. Ya ce, "Musulmi?" Na ce ta ce har sun fi mu yawa. Bai sha furar nan ba. Ya ce in ɗauki ƙwaryar in tafi gida, kuma kada in sake maimaita wannan magana ko a gaban akuya.

Ashe ba ni kaɗai na kai labari gida ba. Dama akwai masu gunaguni. Wasu sun ce tana sa yara gina gumaka. Wasu sun ce wannan ai bokon Nasara ne ya biyo ta bayan gida, tunda ga baƙin harshe ga zanen ƙasa. Amma maganar alƙibla ita ta fi zafi. Mata suka fara janye ƙafa daga ɗakinta, a bakin rijiya na ji wata na cewa zaman cikin baƙi ya taɓa mata addini. Baba yana tsakiya. Yayarsa ce da ya samu bayan ya fid da rai, ga kuma mutanen gari da zai ci gaba da zama da su. Shi da kansa ya je wurin Malam, wanda shi ne limaminmu kuma mai makaranta, ya ce a raba wannan gardama, in ta yi kuskure a gaya mata ta tuba. Da ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya ce, "Yaya, Malam zai aiko a kira ki." Ta ce, "Ka ce masa ina gaisuwa. In bai ƙi ba, ya zo inda na yi maganar, a gaban waɗanda na yi wa."

Malam tsoho ne ƙwarai, amma ya hau dutsen. Ranar Alhamis da la'asar sakaliya, yana riƙe da kafaɗar wani ɗalibinsa, Baba da dattawa uku na biye. Mu muna tsaye cirko-cirko, ni kuwa na san bakina ne ya jawo. Gwaggo ta durƙusa ta gaishe shi. Ya ce, "Hajiya, an ce kin ce akwai Musulmi masu ba gabas baya."

Ta ce, "Allah gafarta Malam, na faɗa."

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "To ai shi ke nan, ta amsa da bakinta."

Malam ya ɗaga masa hannu. Gwaggo ta kwance wani ƙunshi da ta zo da shi, sai ga akushi, da tuwon dawa a ciki. Ta aje shi a tsakiyar falalen ta ce, "Yara, ku zo ku ci." Muka dubi juna, muka dubi Baba. Ta ce ku zauna mana kamar yadda kuke zama a gida. Muka kewaye akushin. Kafin kowa ya sa hannu ta ce mu dakata. Ta dafa kan wani yaro ta ce, "Kai ina kake duba?" Ya ɗaga kai ya ce gabas. Ta ce, "Kai ne mu, mutanen ƙasar Hausa." Ta dafa wata ta ce ke fa? Yarinyar ta ce kudu. Ta ce, "Ke ce mutanen Sham." Wani ya ce arewa, ta ce kai ne Yamal. Sannan ta zagayo ta tsaya a bayana, ta aza hannu biyu a kafaɗuna. Rana tana cikin idona sosai, har ina ƙifce-ƙifce. Ta ce, "Uwata, ina kike duba?"

Na ce, "Yamma."

Ta ce, "A cikinku akwai wanda ya ba tuwon baya?"

Ina jin awaki na tsinkar ciyawa a bayanmu. Malam ya saki kafaɗar ɗalibinsa, ya taka a hankali ya zagaye mu sau ɗaya, yana duban fuskar kowane yaro da inda ta nufa. Da ya zo bayana ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa kaina, ya duba ta inda nake dubawa. Na ji yana tasbihi ƙasa-ƙasa. Ya miƙe ya ce, "Shekara arba'in ina karantar da cewa Ɗakin Allah da ke Makka ake fuskanta, ba mafitar rana ba. Na san shi a takarda. Ban taɓa ganinsa ba sai yau." Ya juya ga dattawan ya ce, "Mu ne muka zauna a gefe guda na akushi har muka zaci babu wani gefen. Hajiya ta tsaya a inda sahu yake zagaye, mu ba mu tsaya ba." Ya ce dabbobin yumɓu a bar su nan kan dutse ruwa ya narkar da su, kada a shiga da su ɗakin da ake salla, saura kuwa babu laifi. Sannan ya ce da mu, "Ku ci tuwonku, kada ya huce."

Ba kowa ya gamsu ba. Dattijon da ya fara magana ya janye jikokinsa uku, bai sake barinsu sun hau ba. Sauran muka ci gaba har damina biyu, har ƙafafun Gwaggo suka gaza hawa, muka koma gindin dabinon bayan gida. Yanzu yaro yana kwance a kan kujera zai ga damisar nan tana iyo a cikin akwatin talabijin, ya yi hamma ya canza tasha. Ba na ganin laifinsu. Abin da aka ba ka ba ka nema ba, ba ka sanin nauyinsa. Mu gashin tsuntsu ɗaya muka gani, muka yi shekara muna mafarkin sauran.

Ranar da Malam ya hau ɗin nan, da kowa ya sauka, mu uku muka rage a kan dutsen, ni da ita da Baba. Ina wanke akushin a kwarmin da take kira teku. Baba ya daɗe yana murza hularsa a hannu kafin ya ce, "Yaya, ki yafe mini. Amma me ya haɗa ki da mutanen nan haka? Ba ki taɓa zuwa ƙasarsu ba, kullum Jawa, kullum Jawa."

Ta ce, "Na gaya maka Allah ya ba ni 'ya ɗaya, tana ɗakin mijinta."

Ya ce, "Kin faɗa. Na ɗauka a Makka."

Ta girgiza kai. Ta ce wani ɗalibi ne daga can, mai hankali da kunya, ya yi shekara shida yana karatu yana sauka a gidan da take aiki. Yarinyar ta so shi, shi ma ya so ta, aka ɗaura. Da karatunsa ya ƙare ya tafi da matarsa gida. Ta raka su har bakin ruwa a Jidda, yarinyar da ciki wata biyar. Ta ce, "Tun daga ranar duk wanda ya sauka daga ƙasar sai na tambaye shi. Me kuke ci, wane tsuntsu ke tashinku da safe, me ke tsorata yaranku. Ina so in san abin da jikana ke gani in ya buɗe ido. Ban san ko mace ce ko namiji ba."

Baba ya ce, "Ba wasiƙa, ba saƙo?"

Ta ce, "Wa zai kawo, Auta?" Ta karɓi akushin daga hannuna ta kife shi ya tsane. Ta dubi inda rana ta rataya a kan dabino ta ce, "Amma ba na rasa ta. In na tsaya salla na dubi gabas, ita kuma ta tsaya ta dubi yamma, ai fuskarmu na duban juna. Tashi mu sauka, lokaci ya kusa."